Yadda na gutsuttsura DNA iri uku kafin a kai su na'urar karatu

Duk wanda ya taɓa tsamo DNA daga jini ya san irin lallaɓa shi da ake yi. Ba a jijjiga shi da ƙarfi, ba a bari ya yi ta daskarewa yana narkewa, kai ko tsotsar sa da fifet, wato ɗan bututun ɗibar ruwa da awo, sai a hankali don kada zaren ya tsinke. To bayan duk wannan kaffa-kaffa, aikin da aka ɗora mini a ɗakin gwajinmu shi ne in farfasa shi. Samfura iri uku ne suka taru a firiza suna jira. Akwai DNA na jinin mutane, mai yawa kuma lafiya lau. Akwai wanda aka ciro daga naman ƙari da aka jiƙa a fomalin aka binne cikin kaki, yadda ake adana nama a sashen binciken cututtuka. Sai na bakteriya, kwalabe rututu, amma abin da ke cikin kowace ɗan mitsitsi ne. Dukansu na'urar Illumina ce za ta karanta su, ita kuwa ba ta karɓar dogon zare.

Lissafin a fili yake. Kundin gadon mutum ya haura haruffa biliyan 3, wato A da C da G da T da DNA yake jere da su, kuma kuromozom na farko shi kaɗai ya kusa miliyan 250. Na'urar kuwa, a tsarin da muka zaɓa, haruffa 150 take karantawa daga wannan bakin guntu, ta juya ta karanta 150 daga ɗaya bakin. Kafin ma ta soma karatu sai ta hayayyafa kowane guntu a kan gilashinta ya zama ɗan tuli, kuma dogayen guntaye ba sa hayayyafa da kyau a wurin, gajeru ne suke cinye fili. Idan kuma guntun ya gaza haruffa 300, karatun hagu da na dama za su haɗu a tsakiya su maimaita abu ɗaya. Idan ya gaza 150, na'urar za ta ƙare shi ta zarce tana karanta adafta, wato ɗan guntun DNA da muka liƙa da hannunmu a bakinsa don na'ura ta kama shi. Shi ya sa aka tsayar mini da haruffa 350, ko abin da ya yi kusa da haka.

Abin da na fara tambayar Malama, babbar ma'aikaciyar ɗakin wadda a hannunta na koyi aikin, shi ne me ya hana mu ɗauko enzayim mai yanka irin wanda muka saba da shi tun muna ɗalibai. EcoRI yana nan a firiza, ga sauƙin aiki. Ta ce, "Kai ma ka san amsar. In ka yanke kwafi dubu a wuri ɗaya, wa zai gaya wa kwamfuta wane guntu ne ke bin wane?" Gaskiyarta. EcoRI jerin GAATTC yake nema, ya yanke tsakanin G da A, kuma tunda haruffan huɗu ne gurbin kuma shida, a ƙiyasi sau ɗaya zai ci karo da shi a cikin kowane haruffa 4,096. Wannan rashin kuskuren nasa ne ya sa gano irin waɗannan enzayim ya jawo wa Werner Arber da Daniel Nathans da Hamilton Smith kyautar Nobel a 1978, amma a aikinmu shi ne aibinsa. Wani guntun zai fito ɗari biyu, wani dubu ashirin, sannan duk kwafin sun tsinke a waje guda, babu guntun da ya hau kan ɗan'uwansa. Ita kuwa kwamfuta da wannan hawa-kan-junan take gane jeri: ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan, sai ta haɗa. Akwai binciken da yanka a wuri ɗayan yake so, kamar mai neman tabon metil, wata 'yar alamar sinadari da ke hawa kan DNA, a yankunan da C da G suka cunkushe, inda ake sa MspI ya yanke a CCGG. Namu ba ya ciki. Abin da ya ƙara burge ni shi ne Smith ɗin nan da kansa yana cikin waɗanda suka fara karanta kundin gadon bakteriya sukutum a 1995, na Haemophilus influenzae mai haruffa kusan miliyan 1.8, kuma da ƙarfin na'ura suka farfasa shi barkatai.

Kafin a fasa komai sai an auna. Awo biyu muke yi. Na farko na'ura ce da ke duba yawan hasken da ɗigon samfur ya shanye, ta ba ka rabon abin da ya sha a zangon haske 260 da na 280, wanda idan DNA ya yi tsabta yakan tsaya wajen 1.8. Tana gaya maka tsabta, amma ba ta bambance DNA da RNA, don haka adadin da take bayarwa yakan zarce gaskiya. Na biyu rini ne da ba ya ƙyalli sai ya kama DNA mai zare biyu, kuma da shi muke yin lissafi. Samfuran jini sun ba ni ɗaruruwan nanogiram ba wuya. Tunda ƙwayar halittar mutum ɗaya tana ɗauke da kimanin fikogiram 6.6, nanogiram 100 na nufin ƙwayoyi wajen dubu 15. Na zuba kaɗan a jel na agaros, wanda ke rarrabe DNA bisa tsawo, suka tsaya can sama a layi guda mai kauri, alamar zaren bai taɓu ba.

Da na jinin na fara, a na'urar Covaris mai fasawa da sauti. Na'urar ba ta da wani kwarjini: tankin ruwa ne, a ƙasansa akwai faifan da ke tattara sauti mai tsananin kaɗawa ya harba shi a ɗigo ɗaya, daidai inda 'yar kwalbar gilashi za ta zauna. Amma shirinta ya fi fasawar cin lokaci. Sai an cika tankin daidai layin da aka zana, an kunna injin sanyaya ruwa ya sauko ƙasa da digiri 10, sannan famfo ya yi ta zuƙe iskar da ke narke cikin ruwan har kusan awa guda. Iskar da ta rage a ruwa tana watsa sautin kafin ya isa samfur, sai a sami kwalabe biyu da aka yi wa abu ɗaya amma sakamakonsu ya sha bamban.

'Yar kwalbar maikirolita 130 take ci, a cikinta akwai wani siririn zare da ke taimaka wa kumfa ta tashi. Murfinta roba ce mai tsagi, ta nan ake cusa bakin fifet a zuba samfur ta gefen gilashi sannu a hankali. Malama kan ɗaga kowace kwalba ta hanga ta a haske kafin ta yarda in saka. Ƙwallon iska ɗaya da ya maƙale a gindi ya isa ya tare sautin, rabin DNA ya fito yadda ya shiga.

Abin da ke faruwa a ciki ba ya ganuwa sosai. Sautin yana matse ruwa yana sakin sa cikin sauri, ƙananan kumfa su tashi su fashe, ruwan da ke kewaye da su ya fizgu da ƙarfi, zaren DNA da ke wurin ya tsinke. Dogon zare ya fi saurin tsinkewa, shi ya sa a farko girman ke faɗuwa da sauri sannan ya koma ja da ƙafa. Abubuwa huɗu ake saitawa: ƙarfin sauti, kason lokacin da yake kunne, yawan kaɗawa a kowace harbawa, da tsawon aikin gaba ɗaya. Uku na farko mun bar su yadda takardar na'urar ta ce, lokaci kawai na yi ta sauyawa. Da samfurin gwaji na fara, wanda ba a damu da asarar sa ba. Minti ɗaya da 'yan sakanni ake magana, kuma sakan ashirin sama ko ƙasa yana iya matsar da tsakiyar girman da haruffa masu yawa.

Ana gamawa na ɗebi maikirolita ɗaya na kai TapeStation, na'urar da ke auna tsawon guntaye. Layin nan mai kauri da na gani a jel ya ɓace, a madadinsa wani tudu ya bayyana a allon kwamfuta, ƙololuwarsa wajen 350, gangarensa ya miƙe daga ɗari biyu zuwa ɗari shida. Ba a samun guntaye masu tsawo ɗaya cif. Abin da ake roƙo shi ne tudun ya zama ɗaya, kada ya yi faɗi da yawa, kuma kada a ga wani ɗan tsauni can dama, wanda ke nuna akwai abin da sauti bai taɓa ba.

Sauti ba ya yanka da ladabi. Wani bakin zare ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wani ya rasa fosfet ɗin da ake buƙata wajen liƙi. Don haka sai an bi da gyaran baki: enzayim ɗaya ya cike gurbin da ya rage ko ya datse abin da ya yi saura, wani ya mayar da fosfet, sannan a ɗora harafin A guda a kowane ƙarshe domin adafta mai T ta sami abin kamawa. Wannan duka aikin rabin yini ne, amma abin da aka samu a madadinsa ya cancanta, domin sauti bai damu da wane harafi ke wurin ba. Yankin da G da C suka yi yawa da wanda A da T suka cika duk kusan daidai yake fasa su.

Matsalar ita ce na'urar tamu kwalba ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Da ragowar samfuran jini suka iso, faranti cike mai rami 96, aka yanke shawarar a koma fasawa da enzayim. Wannan ba irin EcoRI ba ne. Irin da muka yi amfani da shi haɗin enzayim biyu ne, ɗaya yana yi wa zare guda tsaga a duk inda ya faɗa, na biyun ya gane tsagar ya yanke zaren da ke fuskantar ta. Ba a buƙatar wata na'ura sai ta PCR, wadda ake hayayyafa kwafin DNA da ita, a saita ta digiri 37. Komai a kan ƙanƙara ake haɗa shi, domin da zarar enzayim ya taɓa DNA ya fara aiki, kuma ramin farko ba zai jira na 96 ba.

A nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Samfuran da muka tsamo da kanmu sun fasu tsaf. Waɗanda wani ɗakin gwaji ya aiko mana, a faranti ɗaya, da enzayim ɗaya, a lokaci ɗaya, sun fito kusan yadda suka shiga, tudunsu yana can sama da dubu. Malama ta dubi allon ta ce, "Je ka duba takardar da suka haɗo, a wane ruwa suka narka shi?" A TE ne, ruwan ajiyar da kowa ya sani, mai Tris da milimola 1 na EDTA. Aikin EDTA shi ne kame magniziyam don kada wani enzayim ya ci DNA yana ajiye, kuma enzayim ɗinmu da magniziyam yake aiki. Su dai sun yi abin da ya dace da ajiya. Sai da na wanke samfuran da ƙwayoyin maganaɗisu, na sake narka su a Tris zalla, sannan suka fasu kamar sauran.

Abin mamakin shi ne EDTA ɗin da ya hana ni aiki a nan, a wajen fasawa da sauti kariya ne. A 2013 masu bincike a cibiyar Broad ta Amurka sun wallafa yadda suka yi ta ganin sauyin C zuwa A, ko G zuwa T a ɗaya zaren, a samfuran ciwon daji, a ƙananan kaso, alhali babu shi a jikin majinyatan. Da suka bi sawu sai suka tarar a wajen fasawa da sauti mai ƙarfi ne, a samfuran da ke ɗauke da gurɓatattun abubuwa daga tsamowa, G yake lalacewa ya koma 8-oxoG, wanda yayin kwafi yake haɗuwa da A maimakon C. Daga cikin maganin da suka samu akwai sauya ruwan samfur da zuba abin da ke kame ƙarafa irin EDTA kafin a fasa. Ga mai neman sauyin da ke cikin rabin ƙwayoyin mutum, wannan ba ya tayar da hankali. Ga mai neman sauyin da ke cikin kashi 2 ko 3 bisa ɗari na ƙari, ƙaryar da gaskiyar kamarsu ɗaya. Tun daga nan tambayar da nake fara yi a kan kowane samfur ita ce ruwan da yake ciki, tun kafin in tambayi yawansa.

Samfuran ƙari kuwa sun zo a fashe. Fomalin yana ɗaure DNA da furotin, yana tsinka zare, kuma yana sa wasu C su koma U, na'ura ta karanta su T. A jel ba su yi layi ba, shafe-shafe suka yi daga sama har ƙasa, wasu tuni yawancinsu yana ƙasa da haruffa 500. Ba a yi musu lokaci ɗaya da na jini. Kowanne sai na duba tudunsa tukuna, mai ɗan dama-dama ya sha sautin da ya saba, wanda ya riga ya ragargaje a taɓa shi kaɗan don a sabunta bakunan guntayen. Su waɗannan guntaye 150 zuwa 200 ake so, domin za a kamo wasu zaɓaɓɓun yankuna ne kawai a karanta. A ganina sauti ya fi dacewa da irin wannan samfur, saboda enzayim yana jin duk wani datti da tsamowa ta bari, kuma tsagogin da fomalin ya riga ya yi suna sa saurin yankansa ya ƙi ƙiyasuwa. Akwai masu amfani da enzayim a kansu suna samun biyan buƙata, ni dai ban ga dalilin ƙara wani abin da ban iya sarrafawa ba a kan samfurin da ba za a sake samun irinsa ba. Wani samfurin ma ba a fasa shi sam: DNA da ke yawo a ruwan jini jiki ya riga ya yanka shi wajen haruffa 167, tsawon abin da ke naɗe a nukiliyozom ɗaya, wato dunƙulen furotin da zaren ke naɗewa a kai, da ɗan saura.

Na bakteriya ne suka fi sauƙi a hannu. Da Tn5 muka yi su, enzayim ɗin da asalin aikinsa a jikin bakteriya shi ne ciro yankin DNA daga wani wuri ya dasa a wani. An ɗora masa adafta tun daga kamfani, don haka kamar tela ne da almakashi da allura suke hannu ɗaya, inda ya yanka nan yake ɗinkewa. Minti 5 a digiri 55, an gama fasawa da liƙi, babu gyaran baki, babu ɗora A. Nanogiram 1 kacal ake zubawa, wanda ga bakteriya irin E. coli mai haruffa kusan miliyan 4.6 ya kai kwafi wajen dubu 200.

Sai dai a nan lokaci ba shi ne linzami ba. Kowane enzayim sau ɗaya yake yanka ya tsaya, saboda haka girman guntu ya dogara ne da yawan DNA idan aka gwada da yawan enzayim. DNA ya yi yawa, guntaye su fito dogaye. Ya yi kaɗan, su fito gajeru. Ke nan duk wahalar ta koma wajen awo da tsarma samfur, kuma tsarma abu zuwa ƙasa da nanogiram ɗaya a maikirolita, rami bayan rami, aiki ne da ke gajiyar da ido da wuyan hannu fiye da duk abin da na yi a na'urar sauti.

Kowace hanya aka bi, a ƙwayoyin maganaɗisu ake haɗuwa. Ruwansu yana da gishiri da wani sinadari mai kauri da ake kira PEG, kuma yawan da ka zuba shi ke yanke wane girma zai manne musu. Ka zuba kaɗan, dogaye ne kawai za su kama. Ka ƙara, gajeru ma su bi. Na fara zuba wajen 0.6 na yawan samfur, dogayen da ba na so suka manne, na ɗora farantin a kan maganaɗisu na kwashe ruwan sama. Na ƙara ƙwayoyi har rabon ya kai wajen 0.8, wannan karon waɗanda nake so suka kama, na zubar da ruwan da ƙananan suke ciki. Sai wanki da etanol mai kashi 80, a bar shi ya sha iska har ƙyallin ƙwayoyin ya dushe amma kada su tsattsage. Ruwan yana da kauri, yana maƙalewa a bakin fifet, kuma maikirolita biyu ko uku da suka ɓace suna iya matsar da iyakar girman. Ana asarar DNA mai yawa a nan, ba makawa. A awon ƙarshe tudun ya koma wajen 470 saboda tsawon adafta ya hau kai, abin da kuma ake tsoro shi ne ɗan tsini wajen 120 zuwa 130, adaftoci ne da suka liƙe da junansu babu komai a tsakani. Idan aka bar su, su za su fara mamaye gilashin na'ura.

Da bayanai suka dawo, ko ba a duba sunan samfur ba ana iya gane hanyar da aka bi da shi. A jadawalin da ke nuna kason A da C da G da T a kowane gurbi na karatu, na sauti layukansu sun miƙe tun daga harafin farko. Na Tn5 sun yi ta hawa da sauka a haruffa goma sha wani abu na farko kafin su daidaita, domin enzayim ɗin yana da jerin da ya fi son sauka a kai. Ga tantance nau'in bakteriya da neman ƙwayoyin gadon da ke sa su bijire wa magani, wannan bai hana komai ba. Amma na lura zurfin karatun, wato sau nawa aka karanta kowane wuri, ya fi yin tudu da kwari a bakteriyar da rabon G da C ɗinsu ya yi nisa da rabi, irin Staphylococcus aureus da ke wajen kashi 33, kuma PCR ɗin da ke biyo bayan Tn5 yana da nasa hannu a ciki. Na enzayim mai tsaga sun tsaya tsakani, sun yi kyau ƙwarai a samfuran jini.

Wasu daga cikin bakteriyar kundinsu ya ƙi haɗuwa zuwa zobe ɗaya yadda yake a asali, ya tsaya a yanki-yanki, domin suna da jerin da ke maimaita kansa wanda ya fi guntu mai haruffa 350 tsawo, irin na RNA ɗin ribozom da ke kai haruffa dubu 5 kuma yake da kwafi da yawa. Waɗannan aka ware su don na'urar dogon karatu. A can ƙa'idar ta juye: na'urar PacBio guntaye masu haruffa dubu 15 zuwa 20 take so, ana samun su ta hanyar tura DNA ta wata 'yar ƙaramar kafa da ƙarfin na'urar juyi, ita kuwa Nanopore sau da yawa ba a fasa mata komai. Ragowar DNA ɗin da ke hannuna ya sha tsotso da narkewa, bai isa wannan aikin ba, don haka sai da aka sake shuka bakteriyar a faranti, aka tsamo sabo da fifet mai faɗin baki.